Amsar Yaya kan batun barin aiki a tafi aikin sa kai a gandun daji

Assalamu alaikum jama'a. Rubutu zai yi min yawa, shi ya sa na danna murya, wanda ba shi da data ya yi haƙuri.

Ƙanina, na ga tambayarka. Ka ce kana so ka ɗauki hutun ba albashi na wata shida daga banki, ka tafi Afirka ta Kudu ko Namibiya aikin sa kai wajen kula da namun daji, kana tambaya wane wuri ya fi. To ni dai abin da na ji a ƙarƙashin maganar shi ne: za a biya ni? Kuma in na shiga, zan iya maƙalewa a can? Amsa ita ce a'a, a'a. Kai ne za ka biya su. Kuɗin jirgi naka, biza naka, inshora naka, sannan ka ba su kuɗin kwana da abinci da dala, duk sati. Kuma bizar yawon buɗe ido ba ta rikiɗa ta zama takardar aiki. Tun kafin ka biya sisi ka sa su rubuto maka irin izinin da ɗan sa kai ke shiga da shi. In hanyar ficewa kake nema, wannan ba ita ba ce. In kuma gajiya ce da target ɗin banki, to zauna mu yi magana.

Abu na farko, duk wurin da ka ga hoton Baturiya rungume da ɗan zaki tana ba shi madara a kwalba, rufe shafin. Wallahi rufe shi. Ni na taɓa faɗawa hannun irin waɗannan a Afirka ta Kudu, ba zan kama suna ba. Suka ce mana marayu ne, uwarsu ta ƙi su, za a mayar da su daji in sun girma. Marayu kamar yaya? Kowane wata sabbin marayu? Sai wani ma'aikacinsu da muke shan shayi tare ya ce min ai raba su ake yi da uwar tun suna 'yan kwanaki, don ta sake ɗaukar ciki da wuri. Zakin da ya saba da hannun mutum ba ya komawa daji. In ya girma a riƙa yawo da shi ana hoto da baƙi, in ya ƙara girma a sayar wa mai kuɗi ya harbe shi a cikin shinge, ƙashin kuma a tura Asiya. Mu kuma mun biya kuɗinmu muna yi musu reno kyauta, har da tashin dare. Da na nemi ragowar kuɗina sai matar ofishin ta nuna min wani layi a takarda, tana murmushi. Har yau in na tuna murmushin nan raina ɓaci yake. Kuma ba zancena ba ne ni kaɗai, a watan Mayu na 2021 ministarsu ta muhalli a lokacin, Barbara Creecy, ta fito ta ce gwamnati za ta kawo ƙarshen kiwon zakuna a keji. Dubbai ne a gonaki, dubbai.

To ina za ka? Namibiya. Akwai Cheetah Conservation Fund kusa da garin Otjiwarongo, wata Ba'amurkiya Laurie Marker ta kafa a 1990. Rabbi suke karewa, mai kama da damisa ɗin nan da ya fi kowace dabba gudu a ƙasa. Yanzu saura kamar 7,000 a duniya gaba ɗaya. Kuma yawancin na Namibiya ba a gandun gwamnati suke ba, a gonakin mutane suke yawo. Manomi ya wayi gari an cinye masa ɗan akuya, me zai yi? Bindiga. To ka ji dabarar da ta burge ni. Tun 1994 suka fara kiwon manyan karnukan Turkiyya, Anatoliyan da Kangal, suna ba makiyaya. Tun yana kwikwiyo ake saka shi cikin garke, ya kwana da awaki, ya tashi da su, har ya ɗauka 'yan'uwansa ne. Ba ya kora garke, ba ya farauta, tsayuwa kawai yake tsakanin awaki da abin da ya taho, ya yi haushi da wannan muryar tasa. Rabbi kuma ba ya son faɗa, don in ya ji rauni a ƙafa abincinsa ya ƙare, sai ya juya. Akuya ta tsira, rabbi ya tsira. Ni da na taso ina jin rigimar makiyayi da kura, wannan abu ya tsaya min a rai. Na sha faɗa a group ɗin nan, na sani, Hajiya ma ta ce na isheta da karnukan nan.

Amma ka san akwai kare a aikin, wanke shi, ba shi abinci, kwashe kashinsa. In kana da ƙyama, ka sani tun yanzu. Sauran aikin ma haka yake: gyaran waya, yanka nama, sare ƙaya, zama gaban kwamfuta kana duba hotunan kyamarar da aka ɗaura a bishiya, hoto ɗari babu komai sai ciyawa da iska ta kaɗa. Ga kaska.

Kenya kuma akwai gandun dajin Ol Pejeta wajen garin Nanyuki, inda ragowar farar karkandar arewa guda biyu suke, Najin da 'yarta Fatu. Namijin ƙarshe, Sudan, ya mutu a 2018... to wannan ma bar shi, tsada zai yi maka.

Ka ce wata shida ko? A'a, kada ka fara da shida. Fara da wata ɗaya ko biyu, sauran hutun ka riƙe. Kuma ka karɓi takardar hutun nan a rubuce daga ofis, da hatimi, ban da "je ka dawo kujerarka na nan" na baki. Ga iyali, ka ajiye musu cefanen watannin kafin ka sayi tikiti.

Wani ya rubuto wai me ya sa ba zai je Yankari ba, ga giwaye a Bauchi. Gaskiya ne, kuma da ni ne sai in fara leƙawa can ko Gashaka-Gumti in ga ko jikina zai ɗauki zaman daji. Amma mutum ya ce waje yake so, ku bar shi.

Katin rigakafin shawara dole ne, ka yi allurar haukan kare ma. In Yuni ko Yuli za ka, lokacin sanyin Namibiya ke nan, da asuba sai ka ji hannunka ya ƙage, ka tafi da rigar sanyi mai kauri. Nama kuma ka gaya musu tun a imel cewa kai sai yankan Musulmi, in babu ka zauna kan wake da ƙwai, ka ƙunsa yajinka da garin kunu.

Turo min sunan wurin da ka gani ɗin ta private in duba kafin ka tura musu ko dala ɗaya. Yau, ba gobe ba.