Amsar tambayarki kan abin da masu saƙa suka gada

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso, na kuma daɗe ina kallon hoton ɗan abin da kika fara saƙawa. Na yi farin ciki ƙwarai da kika ɗauki allura, Allah ya sa albarka a hannun.

Kin tambaye ni ko abubuwan nan da masu saƙa suke dagewa a kai dole ne, ko kuwa al'ada ce kawai da aka tarar ana yi: riƙe zare a hannun dama, saƙa ɗan gwaji kafin a fara aikin gaske, da hana mutum ajiye saƙa a tsakiyar layi. Kin kuma ce kin ɗora madauki 30, wato ƙananan zobban zaren nan da ake jerawa a kan allura, yanzu sun zama 34, ga ƙananan huji nan da can, ga gefen yana naɗewa. Al'adun nan ba nauyinsu ɗaya ba. Wasu na hannu ne, kowa da yadda aka koya masa. Wasu kuwa zaren ne da kansa ya tilasta su, in kin ƙi bi, a jikin rigar za ki gani.

Bari in fara sauke miki maganar riƙon zare, tunda na ga ita ta fi damunki. Ni a hannun dama nake riƙewa, in naɗa shi a kan allura da ɗan yatsa, haka aka koya mini. Wannan riƙon da Ingila aka fi danganta shi. A Jamus da maƙwabtanta a hannun hagu ake riƙewa, allurar dama ta ɗauko zaren da kanta. A Fotugal, da wasu sassan Girka da Turkiyya, har da Peru, ta bayan wuya ake ratayo zaren, babban yatsa yana turo shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In aka ajiye miki saƙar mutum uku ɗin nan, ba za ki iya cewa ga wanda ya riƙe da dama ga wanda ya riƙe da hagu ba, domin madaukin iri ɗaya ne yake fitowa. Ke da kika fara da kwarashi, hannunki na hagu ya riga ya saba da zare, don haka ki bar shi a nan, kada wani ya ce miki kuskure ne. Abin da kawai zan roƙe ki, kada ki sauya riƙo a tsakiyar aiki ɗaya. Tsaurin hannu yana canzawa, kuma wurin da kika sauya zai fito fili kamar an ja layi.

Yanzu allura. A hoton na ga siririyar ta ƙarfe ce a hannunki, zaren kuma baƙi. Duka biyun suna wahalar da mai koyo. Ƙarfe santsi gare shi, madauki yana zamewa ya faɗi kafin ki ankara, baƙin zare kuma yana ɓoye miki abin da hannunki yake yi. Ki nemi ta gora ko ta katako mai kaurin milimita 4 zuwa 5, da zare mai haske, mai matsakaicin kauri, wanda ba shi da gashi-gashi. In hannu ya faɗa, sai ki koma ƙarfe, a lokacin santsin nan shi zai ba ki sauri.

Ki lura da lambar da ke jikin allura, a nan mutane da yawa suke ruɗewa. A lissafin Amurka, lamba tana hawa ne in allura tana ƙara kauri. A tsohon lissafin Ingila kuwa sauka take yi. Allura mai milimita 4 lamba 6 ce a Amurka, lamba 8 a Ingila. Mai milimita 5 kuma 8 ce a Amurka, 6 a Ingila. Kin ga in takardar tsari, wato wadda ake bi wajen saƙa abu, ta ce “lamba 8” kawai, sai kin san daga ina ta fito. Ki riƙe milimita, ita ba ta sauyawa ko'ina. Takardar da ke naɗe da ƙullin zare ma takan faɗi kaurin allurar da ta dace da shi, ki daina yar da ita.

Allura iri uku ce za ki riƙa haɗuwa da ita. Akwai miƙaƙƙiya mai toshiya a gindi, irin taki. Akwai gajeru masu tsini biyu da suke zuwa huɗu ko biyar, na safa da saman hula. Sai mai igiya a tsakiya, wadda ake saƙa zagaye da ita ba tare da ɗinki ba. Wannan ta ƙarshen na fi ƙauna yanzu da wuyan hannuna ya fara gajiya, domin nauyin aikin a kan cinya yake zama.

To, ɗan gwajin nan. A kansa ne ba zan sassauta miki ba, kuma ina so ki fahimci dalili, kada ki yi shi don gwaggo ta ce. Takardar tsari za ta ce, misali, madauki 22 su ba da santimita 10. Wannan hannun wadda ta rubuta tsarin ne. Naki hannun daban. A ce rigar sanyi ce mai faɗin ƙirji santimita 100, wato madauki 220. In hannunki sako-sako ne, kina samun 20 a santimita 10, madauki 220 ɗin nan santimita 110 za su ba ki. In kuma kina matsewa kina samun 24, rigar za ta tsaya wajen santimita 92. Bambancin madauki biyu kacal, wanda ido ba ya kama shi a kan allura, shi ne ya zama tazarar da za ta hana riga zama a jiki. Na taɓa yin wata biyu cur ina saƙa wa kawunki rigar sanyi ban yi gwaji ba, saboda ina ganin na san hannuna. Da ya sa, kafaɗa ta sauko masa har damtse. Na zauna na warware ta gaba ɗaya, kuma har yau ina tuna yadda zuciyata ta yi nauyi a daren nan.

Ga yadda ake yi. Ki saƙa murabba'i da ya ɗan fi santimita 10, kamar 15, da allurar da zaren da za ki yi aikin da su. Ki wanke shi yadda za ki riƙa wanke rigar, ki shimfiɗa shi ya bushe, domin wani zaren yana miƙewa in ya sha ruwa, wani yana tsukewa. Sannan ki aza ma'auni a tsakiya ki ƙirga, ban da gefe, gefe ba ya faɗin gaskiya. In madaukin sun yi yawa, ki ƙara kaurin allura. In sun yi kaɗan, ki rage. Kada ki ce za ki gyara da matse hannu ko sassauta shi, bayan layi goma hannu zai koma ɗabi'arsa. Mayafin wuya ko ƙyallen goge-goge, waɗannan kina iya farawa babu gwaji, ba wanda zai auna su. Duk abin da za a sa a jiki kuwa, ko hular jariri ce, sai da gwaji.

Maganar tsakiyar layi ita ma da dalilinta. In kika ajiye aiki a tsakiya kika dawo, abu ne mai sauƙi ki juya shi ki koma inda kika fito. Sai ɓangare ɗaya ya fi ɗaya tsawo da layi biyu, huji ya buɗe a wurin juyawar. Ina zargin ɗaya daga cikin hujin da ke hotonki haka ya samu. Amma ba haramun ba ne, wani lokacin dole a tashi. Ki dai riƙe wannan: allurar da zaren ƙulli yake rataye a jikin madaukinta na ƙarshe, ita ce ta hannun dama.

Su kuma madauki huɗun da suka ƙaru, na san inda suka fito, don kusan kowa ya bi ta nan. In kin juya aiki za ki fara sabon layi, zaren ya kamata ya rataya ƙasa. In kika ja shi sama ta kan allura zuwa baya, madaukin farko zai miƙe ya nuna ƙafafu biyu, ki ɗauka madauki biyu ne ki saƙa kowanne. Ɗaya ya ƙaru ke nan. Hanya ta biyu, wajen sauyawa daga saƙar gaba zuwa saƙar baya, wato hanyoyi biyun da ake saƙa madauki. Zaren ta tsakanin allurai biyu yake wucewa. In ya hau ta kan allura, ya zama sabon madauki, ƙarƙashinsa kuma huji. Akwai kuma tsaga zare da tsinin allura, rabi ya bi rabi ya tsaya. Maganin duka ukun ƙirga ne a ƙarshen kowane layi, har sai idonki ya koyi karanta saƙa. Saƙar gaba kamar ƙananan kibiyoyi take fitowa, masu tsini a ƙasa. Saƙar baya ƙananan ƙulle-ƙulle ne a kwance. Kuma abu ɗaya ne, bayan wannan shi ne gaban wancan. Duk adon da kike gani a jikin riguna daga waɗannan biyun ya fito.

Naɗewar gefe ba laifinki ba ne. Layi ɗaya gaba, layi ɗaya baya, haka wannan saƙar take, a hannun kowa naɗewa take yi, guga ma ba ta hana ta. Shi ya sa ake yi mata baki. Ki saƙa madauki huɗu ko biyar na kowane gefe da saƙar gaba zalla a kowane layi, haka ma layukan farko da na ƙarshe, za ta kwanta. Bakin hannun riga da wuya kuma, biyu gaba biyu baya ake yi, ko ɗaya-ɗaya, don ya riƙa miƙewa yana komawa.

Na kuma lura saƙar taki ta yi tauri. Tsoron kada madauki ya faɗi ne yake sa mai koyo ya damƙe zare, ya riƙa saƙa a kan tsinin allura inda ta fi siranta. Madaukin sai ya fito ƙarami, layi na gaba allura ta ƙi shiga, kafaɗa ta yi ciwo. Ki bar kowane madauki ya hau jikin allurar sosai, ita ce ma'auninsa. Layin ɗorawa na farko da na rufewa su suka fi matsewa, don haka in kin ga dama ki yi su da allurar da ta fi kauri kaɗan. Wuyan riga da aka rufe da tsauri, kai ba ya shiga.

In madauki ya faɗi, kada ki warware komai. Zai sauka ya bar zare a kwance kamar matakan tsani. Ki ɗauko kwarashinki ki kama shi, ki riƙa jawo matakan ta cikinsa ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa har ki kai sama, ki mayar da shi kan allura. Ina so ki saki ɗaya da gangan a jikin ɗan gwajin ki kamo shi. Daga ranar hannunki zai saki jiki.

Akwai al'ada ɗaya da ba ki tambaya ba, amma ki ɗauka: a sayi zaren aiki duka a lokaci guda. A jikin takardar ƙulli akwai lambar launi, akwai kuma lambar tukunyar rini. Launi ɗaya daga tukunya biyu yakan bambanta kaɗan, a ɗaki ba za ki gani ba, sai an fita rana. In kuma ulu ne na gashin tunkiya, ban da ruwan zafi da cuɗa, zai dunƙule ya tsuke, ba ya dawowa. Ruwa mai sanyi, matsa a hankali, shanya a kwance.

Wannan da kika fara kada ki warware shi, ki rufe shi yadda yake ki adana. Ki ɗora sabon madauki 30 da zare mai haske, ki yi layi 20 na saƙar gaba zalla kina ƙirgawa, ki turo mini hoton gaba da baya in duba. Ki gaishe mini da mahaifiyarki da ƙannenki.