Muryar da aka turo zauren 'yan wasan Dungeons & Dragons na Asabar kan maganar taska

Salamu alaikum jama'a. Ƙanina, na saurari muryarka tun da safe, ina kan hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce wai a turo maka jerin kayan tsafi masu ƙarfi ka zuba a akwatin dodon nan, don 'yan teburinka sun fara hamma in an buɗe taska. To ni dai ba zan turo maka jeri ba. Littafin wasan yana hannunka, jerin yana ciki. Abin da kake tambaya a gaskiya shi ne me ya sa suke hamma, kuma amsar ita ce kai ne kake karanta musu taska kamar mai karanta rasit. Zinariya dubu kaza, takobi ɗaya, kwalbar magani biyu, kowa ya rubuta a takardarsa, a wuce. Wa zai yi murna da wannan?

Ka san da can ba haka abin yake ba. Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da D&D, wato Dungeons & Dragons, wasan teburin nan da mai jan wasa ke ba da labari kowa yana wasa da jaruminsa a ciki, a 1974, zinariyar ita ce makin. Kowace ƙwaya ɗaya da ka fito da ita daga rami maki ɗaya ce ta hawa mataki. Shi ya sa mutanen da suke lallaɓawa su sace dukiyar dodo yana barci, don makin dukiyar ya fi na kisan. Amma bugu na biyar ɗin nan na 2014 da muke bugawa, an raba kuɗi da maki. Mayaƙinka da zarar ya tara 1,500 ya sayi sulken ƙarfe na gaba ɗaya jiki, shi ke nan, sauran kuɗin lamba ce kawai a takarda. Ka gane? Ba laifin yaran ba ne.

To abu na farko, nauyi. Kowa yana tsallake nauyi don wai lissafi ne. Wane lissafi? Ƙwayar kuɗi 50 laba ɗaya ce, haka dokar ta ce. Ka zuba musu ƙwayar kuɗin tagulla 10,000 a ɗakin dodo. Darajarta zinariya 100 ce kacal, amma nauyinta laba 200, wajen kilo 90, kusan buhun siminti biyu. Jarumin da lambar ƙarfinsa a takarda 10 ce, laba 150 yake iya ɗauka, har da kayan jikinsa. Sai ka jingina da kujera ka yi shiru. Wallahi za ka ga musu. Wannan ya ce a bar ta, wancan ya ce a koma gari a ɗauko jaki, to wa zai tsaya gadi, in an dawo da jakin wa zai shigar da shi ta wannan matsattsen ramin. Awa guda za su yi kana shan shayinka. Kuma don Allah kada ka yi saurin ba su jakar tsafin nan mai haɗiye kayan laba 500 ba tare da ta ƙara nauyi ba, ranar da ka ba su ita ka kashe wannan wasan gaba ɗaya.

Mu ma fa da muke nan ba sai mun je Turai aro ba. Kakanninmu da wuri suke ciniki. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar wuri 2,500 ne dalar azurfa ɗaya. Ka yi tunanin mai sayen doki, mutum nawa za su ɗauko masa kuɗin, kuma mutum nawa za su zauna ƙirga. Ni a duniyar da nake jan wasa da ita, ƙasar kudu wuri suke karɓa, ta arewa kantun gishiri, irin wanda ayarin raƙuma ke kawowa daga Bilma. Ka ba su taskar gishiri, sa'an nan ka sa damina ta faɗi suna tsakiyar hanya. Ko goro. Goro ma ya fi, don shi sai ana buɗe huhu ana duba shi, ana canja ganye, ana yayyafa ruwa, in ba haka ba ya bushe ko tsutsa ta shiga. Dukiyar da take lalacewa a hannunka tana sa ka sauri, ba sai mai jan wasa ya kora ka ba.

Dakata, ana buga ƙofa. To. Mai ruwa ne. Ina nake? E, mai shi.

Kowane abu a akwatin nan yana da mai shi, ko magajinsa. Nan ne nake so ka saurara, don nan ne aka ƙona min rai, kuma wanda ya yi yana cikin zauren nan yana ji, ba zan kira suna ba. Shekara biyu ke nan. Na yi mako guda cur ina shirya wani tambari. Tambarin sarauta, na tagulla, fatarsa ta tsage gefe ɗaya, an ɗaure shi da jan tsumma, a jikinsa an zana sunayen sarakuna goma sha ɗaya, na ƙarshen an kankare shi da wuƙa. An kankare fa. Wato ko makaho ya shafa ya san akwai magana. A garin kuma gida biyu ke rigimar sarauta, kuma al'adarsu duk wanda aka buga wa wannan tambarin shi ne sarki. Na rubuta waziri, na rubuta tsohuwar da ta san sunan da aka kankare, har muryar da zan yi mata na gwada a ɗaki, matata tana leƙowa tana tambaya ko lafiya. Suka kashe aljanin da ke gadi, suka ɗauko tambari, ina jira wani ya ce sunan wa aka goge. Sai mai wasa da ɓarawon nan ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, nawa ne kuɗinsa? Na ce tagulla ce, kamar zinariya 40. Ya ce a sayar. Maƙerin farko da suka gani a bakin kasuwa suka miƙa wa. Arba'in! Ko tayi bai yi ba. Aka raba goma goma. Wallahi daren nan ban ci tuwo ba.

Kuma har yau in na tayar da maganar sai ya ce ai ɓarawo yake wasa da shi, haka ɓarawo zai yi. Wane irin ɓarawo ne bai san abin sarauta ya fi tsada a fada ba? Ɓarawon kaji ke nan. Kai, bar shi.

A'a, tsaya, in faɗi gaskiya, rabin laifin nawa ne. Da ya tambayi kuɗinsa bai kamata in ba shi lamba ba. Da na buɗe baki na ce 40, na mayar da tambarin ya zama 40. Abin da ya kamata in ce shi ne, ban sani ba, kai wa mai saye ka ji. Maƙeri ya ɗaga tsumman, ya ga sunayen, fuskarsa ta canja, ya ce ku fitar min da shi daga rumfa, ina da 'ya'ya. Ka ga da shi ke nan sun kamu. To wannan ka riƙe: kada ka faɗi farashi a cikin rami. Farashi a kasuwa ake jin sa, a bakin mutum mai tsoro ko mai kwaɗayi. Na dai rama daga baya, don maƙerin ya kai wa ɗaya gidan, aka naɗa azzalumi, ya sa harajin ƙofa, duk shigarsu gari sai sun biya. Wata uku suna biya. Har yanzu ban huce ba, amma dai.

Sai maganar yawa. Kana tsoron in ka ba su dukiya da yawa wasa zai lalace. Ba su mana. Mansa Musa da ya ratsa Alƙahira a 1324 zai je hajji, zinariyar da ya rabar sai da ta karya darajar zinariya a Masar, shekaru ana jin abin a jiki. To 'yan wasanka su shigo ƙauye mai gida hamsin da buhun zinariya. Washegari kaza ta ninka kuɗi. Mai masauki ya tuna akwai kuɗin ruwa. Dangin da ba su san da su ba su fara sallama. Hakimi ya aiko a ji ko ramin nan ba a ƙasarsa yake ba. Sa'an nan su kansu kuɗin, hoton wa ke jiki? Dalar Mariya Tireza ɗin nan da ta yi yawo har ƙasarmu, matar ta mutu a 1780, amma aka ci gaba da buga ta da wannan shekarar a jiki, don 'yan kasuwa ita suka sani suka yarda da ita. Juya abin: kuɗin da suka samo na sarkin da aka hamɓarar ne, duk wanda aka gani da su ɗan tawaye ne. Sai an nemi mai narkarwa a ɓoye, shi kuma zai ci kashi ɗaya cikin uku.

Kayan tsafin da kake nema kuwa, ai dokar ma ta ce masu buƙatar a ɗaura su da mutum guda uku kaɗai zai iya riƙewa a lokaci ɗaya. To tulin me za ka yi musu? Ɗaya mai hali ya isa. Takobin da ba ya komawa kube sai ya sha jini. Fitilar da ke nuna ƙofar ɓoye amma ba ta cin mai sai na kaɗanya, kuma ana kwana uku kafin a kai inda ake samu. Na taɓa ba su buta mai ruwan da ba ya ƙarewa, sai dai duk ruwan daga rijiyar wani ƙauye yake fitowa, ba su sani ba sai da suka isa ƙauyen suka tarar mata na kuka a bakin rijiya. Wannan kam ta yi aiki, mai wasa da malamin tawagar har azumin kaffara ya sa malamin ya yi.

Lu'ulu'u ma kada ka raina shi. Tsafin tayar da wanda ya mutu yanzu-yanzu, cikin minti ɗaya, yana cin daimon na zinariya 500. A'a, 300 ne, na 500 ɗin shi ne wanda ake yi cikin kwana goma. To ka sa daimon ɗaya tak a akwatin, a saƙale a wuyan gawar wata yarinya da aka yi wa ado, ka ga wa zai miƙa hannu ya tsinke. Kuma ka sa ya faɗa da bakinsa yadda ya cire, kada ka bari ya jefa ɗan lido ya wuce.

Akwai kuma maganar taswira da takardun bashi, wato su buɗe akwati su ga ba kuɗi sai takardar wani attajiri yana bin sarki bashi, amma wannan doguwa ce, kuma na ga muryar ta haura minti tara, cajina saura kaɗan. Ranar Asabar ka zo da wuri kafin la'asar, mu zauna a kan akwatin dodon naka, abu uku za mu sa ciki, ba ƙari. Kuma mai tambari, na san kana ji, ɗan lidona mai fuska ashirin, koren nan, yana wurinka tun kafin azumi. Ka taho da shi.