Fuskar amarya za ka auna, ba rigarta ba

Yarona, na ga hotuna biyun da ka turo, na kuma ji tambayarka. Ka ce amaryar da ka ɗauka cikin farin leshi fuskarta ta fito da duhu, da ka ƙara mata haske a kwamfuta sai fatar ta koma toka-toka. Ɗalibin da ya gama sakandare kuma, cikin baƙar rigar yaye, goshinsa ya ƙone fat da haske. Kana tambaya ko kyamarar ce ta fara gajiya. Kyamara lafiyarta ƙalau. Ciwo ɗaya ne a hotunan biyu: ka bar ta tana auna tufafi, alhali fuska aka biya ka ka ɗauka.

Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara bai san amarya ba, bai san leshi ba. An gina shi ne ya haɗa duk abin da ke gabansa ya mayar da shi ruwan toka na tsaka-tsaki, irin wanda ke dawo da kusan kashi 18 cikin ɗari na hasken da ya sauka a kansa. Idan farin leshi da farin mayafi suka cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage, fuskar baiwar Allah ta nutse. Idan baƙar riga ce ta cika hoton, sai ta ɗauka duhu ne, ta buɗe, goshin yaron ya ƙone. Maganin shi ne ka ƙwace hukunci daga hannunta. Ka mayar da ita kan M, wato inda kai ne ke saita haske da hannunka, ka auna a kuncin da haske ke faɗawa, ka ɗauki gwaji guda, ka zuƙo fuskar a allon baya ka duba da idonka. Ka kunna alamar nan mai ƙyaftawa a inda fari ya ƙone. In ta ƙyafta a kan duwatsun rigar, ba komai. In ta ƙyafta a goshi ko karan hanci, ka rage. Kuma daga yau aikin biki a RAW za ka riƙa ɗaukarsa, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta matse ba, domin JPEG, wanda ta riga ta matse, ya riga ya zubar da yawancin abin da za ka nema wajen gyara, shi ya sa fatar ta yi maka toka da ka ja ta.

Wannan matsalar ta girme ka. A shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wanke hoto kati mai hoton baturiya, da shi ake daidaita launin inji, baƙar fata ba ta cikin lissafi. Amma a lokacin nan mai hoto Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako ta ƙasar Mali a 1948, yana ɗaukar mutanen garinsu a tsakar gida, galibi da hasken rana, ya rataya zani mai ado a bayansu. Nemi hotunansa ka duba kumatun matan nan, za ka ga fata tana sheƙi, kowane lungu na fuska a fili. Ba ƙarfin haske ya yi wannan aikin ba, sanin inda zai zaunar da mutum ne.

Abin da nake so ya zauna maka ke nan. Fatarmu ba yawan haske take so ba, faɗinsa da taushinsa take so. Ƙaramar filashar da ke kan kyamara, in ka harba ta kai tsaye, ɗigo ɗaya mai zafi za ta bari a goshi, sauran fuskar ta baje ba tudu ba kwari. Ga kuma hodar da masu kwalliya ke dannawa a ƙarƙashin ido: wata irinta tana dawo da hasken filasha, ido bai gani a ɗaki, amma a hoto sai ka ga farin tabo a fuska, wuya kuma da launinsa daban. Saboda haka da zarar mai kwalliya ta gama, kafin ta tattara kayanta, ka ɗauki gwaji da filasha ka nuna mata. Gyaran minti biyu ne a hannunta, a naka kuwa aikin dare guda ne. Filashar ka sauke ta daga kan kyamara, ka sa ta cikin lemar tausasa haske, ka ajiye ta gefe, sama da idon amarya kaɗan, kusa da ita. Lema in ta matso, hasken yakan yi laushi. Ɗaya gefen ka sa yaro ya riƙe farin faifai ya cike inuwa. Saurin ɗauka kada ya wuce 1/200 na daƙiƙa in kana da filasha, domin yawancin kyamarorin da muke riƙewa nan iyakarsu take, in ka zarce sai baƙin layi ya yanke hoton.

In a cikin gida ne ranar kamu ko sa lalle, ba wurin kafa lema, to ka nemi bakin ƙofa ko taga. Ka zaunar da ita taku ɗaya daga cikin inuwa, fuskarta na kallon waje, ka kashe ƙwan ɗakin. A ma'aunin launin haske, hasken rana yana wajen 5500K, tsohon ƙwai mai ruwan ɗorawa yana wajen 3200K, in suka haɗu a fuska ɗaya babu gyaran da zai sasanta su. Kada ka yarda da inuwar darbejiya da tsakar rana, ganyenta na tsiyayar da haske tabo-tabo a fuska. Lokacinmu na waje shi ne bayan la'asar sakaliya, kuma ka sani a Kano rana ba ta jan jiki wajen faɗuwa, in ka tsaya neman batir sai ka ji kiran magariba. Da hunturu hazo yakan tausasa mana haske kyauta, sai dai ka guji canza gilashin kyamara a fili, ƙura za ta shige maka ciki.

Gilashin kyamara kuma, na lura da 24mm, mai ɗaukar fili da faɗi, ka matsa kusa da amaryar, shi ya sa hancinta ya fi na gaskiya girma. Ja baya, sa 85mm ko aƙalla 50mm, ka buɗe ƙofar hasken gilashin zuwa f/2.8, ka kafa saiti a kan idon da ya fi kusa da kai. In ƙawaye suka shigo layi biyu, ka rufe zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na baya za su dushe.

Ɗaliban yaye aikinsu ya fi sauƙi. A Amurka hoton shekarar ƙarshe ta sakandare tsohuwar al'ada ce, ana sa shi a kundin makaranta, mu ma nan makarantu sun ɗauka, da an gama WAEC da NECO sai a kira mai hoto. Ka daidaita haskenka sau ɗaya, ka manna alama a ƙasa inda kowa zai tsaya, kada ka sake taɓa komai sai in launin fatar ya bambanta sosai. Hular nan mai faɗi tana jefa inuwa kan ido, ka ce a ɗan tura ta baya, faifai kuma ya dawo ƙasan haɓa. Yaro in ya sandare, tambaye shi abin da zai karanta a jami'a, ka danna yana cikin ba ka amsa.

Amarya ba a yi mata haka. Kunya ce da ita, ga gajiya, ga idon dangi. Kada ka ce mata ta yi dariya, kada kuma hannunka ya kai ga mayafinta ko ɗaurin kanta, ko da ya karkace. Ka ce wa babbar ƙawa ko gwaggonta, “Hajiya, a ɗan gyara mata ta hagu.” In ta sunkuyar da kai, ɗauki wannan tukuna, domin sau da yawa shi ne hoton da uwarta za ta sa a firem. Sannan ka ɗaga hannunka gefen kyamara ka ce ta dubi nan. Ka sa ta ɗora hannu ɗaya bisa ɗaya a kan cinya, lallen ya fito, zoben ya fito. An ɓata awanni ana zana shi, kwana kaɗan zai goge, hotonka ne kawai zai riƙe shi. Kuma ko hoton ya kai ina a kyau, ba ya hawa Instagram ɗin shago sai ita da angonta sun ce to.

Sai maganar gyara, wadda a kanta na fi jin zafi. Za su ce maka, “Mai hoto, a ƙara mini haske.” Ka ƙara wa hoton haske, kada ka canza wa mutum launi. Ƙurjin da ya fito daren biki, wanda zai baje cikin mako, ka goge shi. Tsagen gado, wushirya, ɗigon baƙi a kunci, waɗannan nata ne, ka bar su. Gyara kamar gishiri yake a miya, in har aka ji shi to ya yi yawa. Ka riƙa kwatanta fuska da wuya da bayan hannu, su uku su zama na mutum ɗaya. Na sha ganin albam da aka murje amarya har ƙofofin fatarta suka ɓace, wanda in 'yarta ta girma ta buɗe ba za ta gane uwarta ba. Ba na son irin wannan ya fita da sunan shagonmu.

Hoton amaryar nan tunda JPEG ne, kada ka ja shi duka. Ka zagaye fuska da wuya da hannu ka ɗaga su kaɗan, ka ɗan ɗumama launin, ka bar leshin yadda yake. Kafin ka kai wa masu shi, ka buga ƙarami guda a takarda ka duba shi a bakin ƙofa, domin allon waya yana da haskensa, takarda ba ta da shi, kullum takan fito da ɗan duhu fiye da yadda ka gani. Gobe ka zo da wuri da farin zani da baƙi, za mu zaunar da yaron shago a bakin taga ka auna shi da duka biyun.