Wa ya dace mu zaɓa a kwamitin binciken ɗalibai?

Tambaya: Ni ƙaramin malamin jami'a ne a nan Damagaram. Tsangayarmu za ta zaɓi malamai biyu su shiga kwamitin da ke tallafa wa ɗaliban lisans, wato digirin farko, a bincikensu. Wasu abokan aiki suna ganin kujerun na manyan farfesoshi ne. Shin haka ya dace? Daga wani malami, unguwar Zango, Zinder.

Amsa: Malam, girman manya yana nan, ba mai taɓa shi, amma ina ganin muƙami kaɗai bai isa ya zama ma'auni a wannan zaɓe ba. Matakan da hukumar CAMES, mai tantance ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashen Afirka da dama, take ɗora malamai a kai suna duba yawan rubuce-rubucen mutum da nagartarsu ne musamman. Aikin wannan kwamiti kuwa na mai haƙurin zama da yaro ne, ya karanta shafi biyar da aka rubuta da hannu, ya nuna masa inda tambayarsa ta yi faɗi.

A tsarin karatun jami'a na LMD, wato lisans, masta da dakta, shekara 3 kacal ɗalibin lisans yake da ita, kuma binciken yakan faɗo a ta ƙarshe, tare da jarrabawa. Ɗalibar da take son nazarin aikin majema a unguwar Birni ba ta buƙatar dogon jawabi. Takardar gabatarwa take so zuwa wurin mai unguwa, da abin ɗaukar murya. Wanda zai auna ruwan rijiyoyin garin Mirriya kuɗin mota yake nema, da kwalabe masu tsabta, da izinin shiga ɗakin gwaji kafin damina ta sauya ruwan. In amsar kwamiti ta yi wata biyu a hanya, aikin ya mutu. Don haka ku tambayi kowane ɗan takara, cikin ladabi, ɗalibai nawa ya bi da su har ƙarshe bara, kuma wace rana ce ƙofar ofishinsa take buɗe.

Shawarata ita ce ku haɗa babba ɗaya, wanda za a ji maganarsa in an zo rabon kuɗi, da matashi ɗaya, mace ko namiji, wanda ɗalibai ba sa jin nauyin tunkara. A kaɗa ƙuri'a a asirce, domin kunya takan hana ƙarami faɗin ransa a gaban malaminsa. Kuma tun kafin zaɓe a rubuta cewa duk wanda takardar ɗalibinsa ta zo gaban kwamiti zai fita daga ɗakin har a gama yanke hukunci.