Hukuncin cin kawa da naman biri

Tambaya: Malam, ina sana'a a Benin ta jihar Edo. Wani abokina yana cin naman ƙaramin birin nan mai farin maƙogwaro da mafarauta ke kawowa daga wajen dajin Okomu, yana cewa tunda muna cin kawar teku mai kwana cikin laka, to biri mai cin 'ya'yan itace ya fi ta tsabta. Shin hujjarsa ta tsaya?

Amsa: Hujjar ba ta tsaya ba, domin abincin da dabba take ci ba shi kaɗai ne ma'auni ba, kuma ba a yin ƙiyasi, wato kwatanta wani abu da wani don fitar da hukunci, inda nassin Alƙur'ani ko hadisi ya riga ya yi magana.

Kawa, wadda take zaune cikin ɓawo biyu manne da saiwar itatuwan bakin ruwan gishiri, dabbar teku ce, ta shiga cikin aya ta 96 ta Suratul Ma'ida da ta halatta farautar teku da abincinsa. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce teku ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, saboda haka ba ta buƙatar yanka. Hanafawa ne suka taƙaita halaccin ga kifi. Sai dai kawa tace ruwa take yi ta ci, don haka wadda aka ɓamɓaro daga ruwan da ɗanyen mai ko ƙazanta ya gurɓata a bar ta saboda cuta, sauran kuma a dafa ta sosai.

Shi kuwa biri dabbar tudu ce mai fiƙa, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Sa'alaba cewa Annabi (SAW) ya hana cin duk naman daji mai fiƙa. Jumhur, wato mafi yawan malamai, sun haramta cin biri. A mazhabarmu ta Malikiyya, Shaihu Halil ya kawo zance biyu a Muhtasar, karhanci da hani, babu halacci sake a ciki, kuma hanin ne na fi natsuwa da shi.

Ko da wani ya riƙi karhancin, wannan birin jinsinsa ya kusa ƙarewa saboda sare daji da farauta, Okomu kuma gandun daji ne na ƙasa da hukuma ta hana farauta a cikinsa. Biyayya ga irin wannan doka wajibi ce, kuma kuɗin mai saye shi ke mayar da maharbi daji gobe. Ka gaya wa abokinka ya daina saye, ya daina ci.

Wallahu a'alam.