Ziyarar wuraren tarihi a tsibirin Iona: kwana ɗaya zai isa?

Malam, ka ce kana karatu a Glasgow, kana son ganin Iona ka dawo a ranar. Da wuya. Jirgin ƙasa zuwa Oban kusan awa 3 ne, jirgin ruwa zuwa Craignure da ke tsibirin Mull kusan minti 50, sannan sama da awa ɗaya a mota kan siririyar hanya zuwa Fionnphort, kafin tsallakawar minti 10 a wani jirgin ruwan zuwa Iona. Gara ka kwana a Oban ka yi sammako. Kada ka sa ran shiga Iona da mota, sai mai izini.

Da saukarka, fara da kufan gidan mata masu ibada na wajajen 1200, kyauta ake shiga. Daga nan sai maƙabartar Reilig Odhráin, inda ake cewa an binne tsofaffin sarakunan Scotland. Ɗan siyasa John Smith ma a nan aka binne shi a 1994. Babban ginin ibadar tsibirin yana inda Columba, malamin addinin Kirista daga Ireland, ya kafa zangonsa a 563, sai da tikiti. Gicciyen St Martin na dutse bai taɓa barin mazauninsa ba, amma na St John da ke waje kwaikwayo ne, na ainihin yana ɗakin adana kayan tarihi. Nan mutane ke ruɗewa.

Iska kan soke tashin jirgi, musamman da hunturu, don haka duba sanarwar CalMac, kamfanin jiragen ruwan, da safe. Kada ka kankare gansakukar da ke jikin duwatsu don karanta rubutu, fuskar dutsen ke ɓarewa. In bincike ya kai ka, nemi izinin ma'aikatan Historic Environment Scotland, hukumar da ke kula da wurin, tukuna.