Auren fure ba irin auren mangwaro ba ne

Sani, ka tambaye ni jiya muna ban ruwa: "Maigida, in na haɗa reshen jan furen nan impatiens da na fari kamar yadda muke yi wa mangwaro aure, zan samu sabon launi?" Hayaniyar masu saye ta hana ni ba ka amsa, ga ta yanzu.

Ba za ka samu ba. Auren mangwaro ba ya haifar da sabon iri, reshen da ka ɗaura abin da ya sani shi zai ci gaba da haifa. Sabon iri daga ƙwaya yake fitowa. Ka tuna masarar da ake shuka fara kusa da ja, a ɓare a tarar da ƙwayoyi gauraye a jiki ɗaya? Garin furen wata ne ya sauka a kan wata. Abin da iska ke yi wa masara, shi za ka yi wa wannan fure da hannunka.

Ɗauko fure ɗaya ka duba tsakiyarsa. Akwai wata 'yar hula mai gari, ita ce namijin. Macen tana ƙarƙashinta a ɓoye, koriya, kamar ƙwayar shinkafa. Namijin ne ke fara nuna, bayan 'yan kwanaki hular ta faɗi, sannan macen ta shirya karɓa. Saboda haka ka zaɓi uwar, ka cire mata hular da tsinke tun furen bai gama buɗewa ba, ka rufe shi da ƙyalle mai shara-shara don kada ƙwari su riga ka. In ka ga kan macen ya ɗan buɗe, sai ka shafo garin uban da gashin kaza ka ɗiga mata. Da sassafe ake yi, bayan asuba, kafin rana ta yi ƙarfi. Ka ɗaura zare a wuyan furen, ka rubuta a littafi: wace ce uwa, wane ne uba, ran nawa ga wata. Kada ka ce za ka riƙe a ka.

Kwanson kuwa sai ka yi tsaye a kansa. Sunan furen ma a Latin "marar haƙuri" yake nufi, domin kwanson da ya nuna ana taɓa shi yake fashewa ya watsar da 'ya'yansa. Shekarar da na fara, kwanso goma sha ɗaya na yi asara a rana guda, ina tsugune ina tonon ƙasa da yatsa ina neman ƙwayoyin da ba su kai gero girma ba, har yau abin yana min ciwo. Ka sa masa 'yar jakar ƙyalle tun yana kore. Wajen shuka kar ka binne, barbaɗa a saman ƙasa mai laushi ka danna kaɗan, sai da haske suke tsirowa.

To, ga inda nake so ka buɗe kunne. Kai launi kake hange, ni zafin Kano nake hange. Wanda muke sayarwa a inuwar darbejiya asalinsa Gabashin Afirka ne, wajajen Tanzaniya da Mozambik, wuri mai laima da inuwa. Wani mai gyaran irin fure, Claude Hope, ya yi shekaru yana gyara shi a Kosta Rika kafin ya cika kasuwannin duniya daga shekarun 1960. Ɗan'uwansa mai faɗin ganyen nan kuma daga Niyu Gini aka kai shi Amurka a 1970, daga jininsa kamfanin Sakata na Japan ya fitar da SunPatiens mai jure rana. Kowa matsalar garinsa ya duba. Da wata cutar fumfuna ta ƙarar da na inuwar a Ingila da Amurka wajen 2011, sai masu gyaran iri na can suka shiga neman masu jure ta. Mu cutarmu watan Afrilu ce, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ga kuɗin mai ga-ruwa. Hajiya za ta zo daga Nasarawa ta sayi tukunya, sati biyu ta dawo ta ce mun sayar mata da matacce. Wannan kunyar nake so mu kawar.

Don haka ka yi haɗin a ƙarshen damina, ka reni 'ya'yan cikin hunturu a bayan zana, bazara ta yi musu jarrabawa. Wanda ya langaɓe da azahar bai miƙe ba har magariba, tuge shi, ko da furensa ya fi na kowa kyau. Zai yi maka zafi, na sani. Cikin ɗari in biyar suka tsaya, ka gode wa Allah. Kuma ka tsaya cikin dangi ɗaya tukuna, na inuwa da na Niyu Gini da ƙyar suke karɓar juna.

In ka samu wanda ya yi maka, kar ka dogara da ƙwayarsa, jikoki rarrabuwa suke yi, wani ya ɗebo kaka, wani kakan kaka. Yanko reshe mai tsawon yatsa ka tsoma a ruwa, cikin kamar sati biyu zai yi saiwa, shi ne zai fito sak uwarsa.

Gobe in Allah ya kai mu ka zo da littafi mai bango da zare kala biyu. Akwai wata ja a bayan rijiya da ta tsallake bazarar bana ba ta zubar da ganye ba, da ita za mu fara.